Dutse Mai Kai Ɗaya

Duk wanda ya taɓa rataye kalandar banki a ɗakinsa, da wuya bai kwana da aikin Auta a saman kansa ba. Ita ce mai ɗaukar hotunan tsaunukan nan da ake bugawa a saman watanni: wani da gajimare ya naɗe masa kai, wani da rana ta shafa masa ja a gefe guda. Masu kalandar ba su san sunanta ba, ita kuma ko a jikinta. Abin da ke ci mata rai shi ne mutum ɗaya da ya manta sunan, alhali shi ya raɗa mata shi.

Baba tela ne, ko kuwa a ce tela ne a da. Keken ɗinkinsa na nan a kusurwar ɗaki an lulluɓe shi da tsohon zanin gado, almakashi an ɓoye shi a saman kwaba, amma tef ɗin awo yana wuyansa kullum, ko wanka za a yi masa sai an kai ruwa rana kafin ya yarda a cire. Tun da mantuwar tsufa ta kama shi, duk macen da ta ɗaga labulen ɗakin mai kawo ɗinki ce a wurinsa.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah," in ji shi duk sa'ad da Auta ta shigo da kofin shayi. "Rigarki saura hannu ɗaya. Ki dawo jibi."

Da farko takan yi dariya, don ko lokacin da yake da cikakken hankalinsa jibin Baba ba ta taɓa zuwa a kan kari ba. Daga baya dariyar ta ƙare. Mahaifiyarta ta rasu da daɗewa, yayanta yana wata ƙasa mai nisa, sai dai ya kira a waya ya ce, "Ki yi haƙuri, Auta, ina nan ina shirin zuwa," shi ma da irin tasa jibin. Gidan ya rage daga ita sai tsohon da ke yi mata kallon baƙuwa. Kaɗaici ne sosai, irin wanda mutum ke ji yana zaune kusa da nasa.

Abu ɗaya ne bai goge a kan Baba ba, wato dutsen ƙauyen da aka haife shi. Yana ƙaramin yaro mahaifiyarsa ta rasu, kawunsa ya ɗauko shi ya kawo shi birni, bai sake komawa ba. Yanzu da yamma sai ya juya fuska wajen taga, inda babu abin gani sai bangon maƙwabta da tankin ruwa, ya ce, "Yau ban ga dutsenmu ba." Likita ya taɓa faɗa wa Auta cewa wani lokaci idan irin waɗannan tsofaffi suka ga abin da suka sani tun ƙuruciya, hankalinsu kan dawo na ɗan lokaci. A tsaye ya faɗa, yana rufe biro, amma ita ta ɗauki maganar da hannu biyu. Ta ce a ranta in dai dutse ne ai an zo gidan sauƙi. Za ta kawo masa dutsensa har gado, in ya gane shi, wataƙila ya ɗago ido ya gane wadda ta kawo.

Sai ta bar Baba a hannun maƙwabciyarsu, wata dattijuwa da 'yan layin ke kira Rediyo a bayan idonta, don ba ta da maɓallin kashewa. Ta ɗauki kyamara da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kai, ta shiga mota. Sunan ƙauyen ta san shi tun tana yarinya. Inda titi ya ƙare ta ci gaba da ƙafa, ta tarar ƙauyen ya zama kufai: ragowar bangaye, ciyawa har gwiwa, rijiya da ta cike da ƙasa. Ko akuya babu. Can gaba kuwa ga tsaunin a tsaye, mai kawuna biyu, babba da ƙarami a gefensa.

Ta yi aikinta yadda ta iya shi. Ta kwana a ɗan masaukin da ke bakin titi, ta fito tun da duhun asuba, ta hau tudun da ke bayan kufan inda komai ke fitowa sarai. Ta buɗe ƙafafun ƙarfen har kyamara ta zo daidai idonta, ta tsaya yatsunta na ƙanƙarewa, tana jiran ɗan lokacin nan da rana ke taɓa kan dutse kafin ta sauko kwari. Hoton da ta samo ya yi kyau ƙwarai. Mai wanke hotuna, wanda ba ya yabon kowa, sai da ya cire tabarau ya ce, "Wannan kam watan Janairu ne."

Baba ya riƙe hoton da hannu biyu, ya kai shi kusa da hanci, ya ja shi nesa. Sannan ya miƙa mata a hankali, kamar yadda yake mayar da yadin da bai isa riga ba.

"Yana da kyau. Amma ba namu ba ne."

"Shi ne, Baba. Daga bayan ƙauyenku na ɗauka."

"A'a, baiwar Allah, an cuce ki. Namu kai ɗaya gare shi. Kuma zaune yake a kan wani baƙin dutse, kamar tukunya a kan murhu."

Rediyo da ke bakin ƙofa tana tsintar shinkafa ta ce, "Ke ma dai 'yar nan da neman wahala. Mutumin da jiya ya auna min kafaɗa ya ce zai ɗinka min kwat, shi za ki biye wa? Ki ce masa to, ki zauna ki huta."

Auta ba ta huta ba. Taurin kai a gidan gado ne. Ta koma da damina, ta samo dutsen cikin kore shar, ruwa na gangarowa ta tsagarsa. Ta koma bayan an yi girbi. Ta zagaya shi ta gabas, ta hau wani tsauni daban ta ɗauko shi daga sama, ta yi kwanaki tana neman kusurwar da ƙaramin kan zai ɓuya a bayan babban, ba ta samu ba. Kowace tafiya ta fi ta baya tsawo. Can sama babu mai magana sai iska, wayarta ba ta kamawa, abincinta burodi da ruwan gora, wani lokaci takan ji kanta tana yi wa kyamara hira. In ta dawo gida da ƙafafu a kumbure, Baba ya duba ya girgiza kai ya ce kai ɗaya. Bangon ɗakinsa ya cika da hotunan da ya ƙi, gwanin sha'awa, kowa ya shigo dubiya sai ya tsaya kallo.

"Ya rame fa," Rediyo ta ce mata wata safiya tana ɗaure jaka. "Ni ba ya cin abinci a hannuna sai na yi ta lallashi. Wai ni mai bin sa ɗinki ce, kunyata yake ji."

"Wannan ce ta ƙarshe, Iya. In ban samu ba na haƙura."

"Haka kika ce wancan karon."

A wannan tafiyar komai ya lalace mata. Gajimare ya rufe dutsen tun asuba, bai yaye ba sai da rana ta take tsaka, lokacin da duk mai ɗaukar hoton da ya san ciwon kansa ya riga ya naɗe kaya. Hasken tsakar rana fari ne fat, ba inuwa ba launi, dutse ya koma kamar tulin toka. Ta sauko daga tudun ranta a ɓace, ta ratsa ta cikin kufan don ta yanke hanya. Wajen tsallake wani rusasshen bango ƙafarta ta gurɗe. Ta yi ɗingishi zuwa wani faffaɗan dutse da ke kwance a ƙasa, da alama dokin ƙofar wani gida ne a da, don tsakiyarsa ta lotsa saboda taku. Ta zube a kai, ta cire takalmi, ta yi kuka mai isarta, tunda babu wanda za ta ji wa kunya.

Da ta share ido ta ɗaga kai, sai ta ga kai ɗaya.

Gaban ƙofar, 'yan taku kaɗan, akwai wani baƙin dutse mai faɗi wanda tsayinsa bai wuce ƙirjinta ba. Ta sha wuce shi, ta sha jingina jakarta a jikinsa, a tsaye kuwa ta samansa take hango komai. Amma daga nan ƙasa ya tare gindin tsaunin da ƙaramin kan gaba ɗaya, babban kan kaɗai ya rage, zaune daram a bisansa. Ta miƙe a kan ƙafa ɗaya, kawuna biyu. Ta zauna, kai ɗaya. Sai ta tuna Baba bai taɓa ganin dutsen nan da tsayin babban mutum ba. Yana yaro aka ɗauke shi. A bakin ƙofar uwarsa yake zama, da rana, bayan sanyin safe ya saki an bar shi ya fito.

Duk shekarun aikinta ba ta taɓa ajiye kyamara ƙasa da idonta ba. Ta ture ƙarfen gefe, ta ɗora kyamarar a gwiwa, ta ɗauka a cikin wannan mummunan hasken. Rabin hoton baƙin dutse ne da busasshiyar ciyawa, sama fari kamar takarda. Mai wanke hotuna ya duba ya ce, "Wannan kuskure ne ko in wanke?" Ta ce ya wanke, babba.

Da la'asar ta shiga ɗakin. Baba na kishingiɗe, ya ƙara ƙanƙancewa a cikin rigarsa, tef ɗin na wuyansa. Ya fara cewa, "Rigarki saura..." sai idonsa ya sauka a kan hoton. Ya yunƙura ya zauna da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Ga shi nan kuwa!"

Ya sa yatsa a kan baƙin dutsen. "Nan Inna ke shanya wanki. In ya bushe ni nake kwasowa, sai na yi ɗage nake kaiwa. Nan gefen akwai ramin ƙadangare. Kin ga nan? Nan na faɗi na fasa haɓa, ta goya ni tana faɗa tana kuka." Ya shafa haɓarsa inda tsohon tabon yake, ya yi dariya har da tari. Fuskarsa ta washe, muryarsa ta dawo irin ta da, ta lokacin da yake taka keke yana ba su labari ita da yayanta. Rediyo ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu, karon farko a tarihin layin ba ta ce uffan ba.

Auta ta durƙusa a gaban gadon. Yanzu ne, in za a yi.

"Baba, ka san wanda ya ɗauko maka shi?"

Ya ɗago ya dube ta sosai, ya daɗe yana kallo, da idon mutum mai hankalinsa.

"Ke kika ɗauka? Allah ya yi miki albarka. Ashe aikinku ɗaya da 'yata." Ya gyara zama, yana jin daɗin samun wanda zai yi wa alfahari. "Ina da 'ya mai ɗaukar hoto, autata. Duk kalandar garin nan aikinta ne. Kai, yarinyar nan akwai ido."

"Baba, ai ni ce..."

"Sai dai ba ta zama," ya ci gaba, bai ji ta ba. Murnar ta ɗan ragu a fuskarsa. "Kullum tana kan duwatsu. Ina jin ƙarar ƙofa in ce ita ce, sai in ga masu ɗinki. Na daɗe ban sa ta a ido ba." Ya kamo hannunta ya riƙe cikin nasa, hannun duk ƙashi. "Tunda hanyarku ɗaya, baiwar Allah, in kin gamu da ita a can sama, ki ce mata ta zo gida haka nan. Ki ce babanta ya gaji da jira."

Auta ta ɗaga kai. Ta dubi bangon da ta cika da hotuna, kowane ɗaya da kwanakin da ya ci mata a waje, ta dubi hannun da ke riƙe da nata.

"Zan faɗa mata, Baba."

"Kada ki manta."

"Ba zan manta ba."

Ya saki hannunta ya koma kan hotonsa, yana bin gefen baƙin dutsen da yatsa yana motsa baki. Auta ta ja jakar kyamarar da ƙafa ta tura ta ƙarƙashin gado, can ciki kusa da akwatin zare. Ta karɓi tiren daga hannun Rediyo, ta zauna a bakin katifa, ta ɗebo cokali ɗaya ta hura.

Baba ya buɗe baki ya karɓa, idonsa na kan dutsen. Da ya haɗiye sai ya dube ta da 'yar kunya.

"Kin ga har da ɗawainiya, ga rigarki ban gama ba. Ko za ki dawo jibi?"

"Ba komai," in ji Auta, ta sake cika cokalin. "Zan jira a nan."