Maina Ya Mutu

A bayan gari, ta wajen hanyar Damagum, akwai lambun gandun daji da mutanen Potiskum suke ce wa Lambun Koyo. Ba wani babban wuri ba ne. Shinge ne na kara da ƙaya, da rijiya ɗaya, da wani ɗaki mai jinka inda aka jera kwalaben iri, da sheƙar tsuntsaye, da fatar damo da wani maharbi ya kawo. Kowane itace a ciki da ɗan allonsa, an rubuta sunansa. Ranar Laraba malamai kan kawo 'yan firamare a zagaya da su, su taɓa ganye, su sunsuna, kowa ya faɗi yadda ake kiran itacen a gidansu, wannan da Ngizimanci, wancan da Bolanci, wani da Barbarci.

Wanda ya kafa lambun, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, wani tsohon malamin daji ne mai suna Maina Kashim. Ɗan gidan sarauta ne, shi ya sa ake ce masa Maina, amma babu abin da ya gada sai sunan. Shi ne ya riƙa bin garuruwa a kan keke yana roƙon hedimastoci 'yar kusurwa a filin makaranta, har aka sami ƙananan lambuna irin wannan a Damagum da Fika da Nangere da Danchuwa. Umara, wanda yake kula da Lambun Koyo yanzu, ya zo hannunsa yana ɗan shekara sha tara, ko gawo da farar ƙaya bai iya bambancewa ba. Tsohon ne ya koya masa komai, shi ya tsaya masa har ya auri Meram, shi ya yi wa 'yarsu ta fari huɗuba.

Shekarar da fari ya matsa, a alif ɗari tara da saba'in da uku, sai takarda ta zo daga sama cewa a cika lambunan da darbejiya, saboda saurin girmanta. A ƙasarmu darbejiya maina ake ce mata. Yara sukan yi dariya in tsohon ya tsaya a gindinta, shi kuma ya ce, "Takwarata ce, amma baƙuwa ce. Ku fara sanin 'yan gida." Ya so a bar wa gawo da tsamiya da kanya wurinsu. Umara ya ga takarda ta fi gaskiya. Wata Laraba suna cikin musu a gaban malamai da yara, sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "Baba, wannan karatun naka ai ya tsufa." Tsohon ya dube shi, ya ci gaba da nuna wa yara 'ya'yan aduwa. Wata bai zagayo ba ya nemi a mai da shi Danchuwa, garin matarsa, ya kula da ƙaramin lambun can. A tsakiyar lambun na Danchuwa kuwa akwai maina guda ɗaya, Umara ne ya dasa ta da hannunsa lokacin rabon dashe.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Kullum Umara yana cewa Juma'a mai zuwa zai je ya ba Baba haƙuri. Juma'ar ta zo ta wuce, ya ce ta gaba. Ya ji an ce tari ya kama tsohon, ya ce lalle wannan karon zai je, sai rijiyar lambu ta janye aka shiga yasa.

To ran nan Laraba, da hantsi, ana tsakiyar bazara, Umara yana tsaye da yaran Malam Saleh na makarantar Dogo Nini yana nuna musu yadda ake jiƙa ƙwallon kuka kafin a shuka. Sai ga Bubayaro, wani makiyayi na wajen Danchuwa, yana koro shanu zuwa kasuwa ta bayan shinge. Ya ɗaga sanda ya ƙwala kira.

"Malam Umara! Daga Danchuwa an ce in gaya maka. Maina ya mutu!"

Umara ya saki ƙwallon kukan da ke hannunsa.

"Yaushe?"

"Jiya aka gani. An ce ka je da kanka. Sai haƙuri, Malam!"

Wata karsana ta ɓalle ta nufi gonar mutane, Bubayaro ya bi ta da gudu yana zaginta da Fulatanci, sauran shanun suka ja shi gaba. Umara ya kira shi sau biyu, bai waiwayo ba.

Malam Saleh ya cire hula ya yi salati. Ya ce, "Je ka, Malam Umara, zan mai da yara." Umara bai san ya ɗauki keke ba, sai dai ya ga kansa a ƙofar gida.

Meram tana tsakar gida tana tankaɗe. Da ta ga fuskarsa ta ajiye rariya.

"Malam, lafiya?"

"Baba ya rasu."

Ta dafe ƙirji ta yi salati, hawaye ya cika mata ido. Ya shiga ɗaki yana neman farar rigarsa, yana ta ɗaga kaya yana ajiyewa, rigar kuwa tana rataye a gabansa. Meram ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya kawo labarin?"

"Bubayaro."

"Bubayaro na shanu? Me ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa."

"Me zai ce, Meram? Ya ce Maina ya mutu."

"Mutu ya ce, ko rasu?"

"Mutu."

Ta goge ido da gefen zane.

"Ya ce Allah ya ji ƙansa?"

Umara ya tsaya ya yi tunani. "Ya ce sai haƙuri."

"Malam, ba kai ka dasa maina a lambun Danchuwa ba?"

"Haba, Meram! Da itacen ne ai da ya ce ta mutu."

"Wa? Bubayaro? Mutumin da ya tsaya a zauren nan ya ce mini matarsa ya haihu, saniyarsa ma ya haihu? Tun da nake ban taɓa jin kalmar ta a bakinsa ba. Ni kaina ce mini yake, Meram ka kwana lafiya."

Umara ya zauna a bakin gado da rigar a hannu. Zuciyarsa ta so ta yarda, ya yi maza ya hana ta. Ya ce, "Wa zai aiko mutum tun daga Danchuwa saboda itace? Kuma Baba ba ya ƙaunar itacen nan. Ga tari da aka ce yana yi."

"Ni dai ban ce ba shi ba ne," in ji ta a hankali. "Cewa na yi ba mu sani ba. Sha ruwa ka tafi."

Hanyar Danchuwa rairayi ne, wani wuri a hau keke, wani wuri a tura. Rana ta take. Umara yana tafe yana juya kalmomin nan uku na Bubayaro a kansa. In ya saurare ta da kunnen Meram sai ya ji itace ake nufi, ƙafarsa ta yi ƙarfi. In ya tuna yadda Bubayaro ya ce jiya aka gani, sai ya ga tsoho kwance a ɗaki an buɗe ƙofa an same shi. In jiya ne kuwa, an riga an kai shi. Ko gawarsa ba zai gani ba, balle ya ce masa Baba na yi kuskure. Kalma uku ce ya yi wata goma sha ɗaya yana ɗauke da ita kamar dutse a aljihu.

Kusa da gari ya haɗu da maza huɗu suna tahowa da diga da shebur, jikinsu duk jar ƙasa. Ya ɗauka daga haƙa kabari suke. Suka yi masa sannu, ya amsa, ya buɗe baki zai tambaya, ya kasa. Ya wuce su yana jin suna maganar gaba nawa suka haƙa ba su tarar da ruwa ba. Rijiya ce ashe. Duk da haka bai saki jiki ba.

Gidan Iya Gumsu, matar tsohon, yana bayan makaranta, dole sai an bi ta gefen lambu. Tun daga nesa ya hango taro a ciki, an yi da'ira, kowa ya sunkuyar da kai. Ya sauka daga keke, ya jingina shi da shinge, keken ya zame ya faɗi, bai ɗaga ba.

Sai ya ji tari. Bayan tarin kuma murya, a shaƙe, a hankali, wadda ya sani tun yana ɗan sha tara.

"Kada ku taɓa da hannu, za su cije ku. Ku duba nan. Daga sama itace yana tsaye kamar lafiya lau, su kuwa suna ƙasa suna aikinsu. Fadimatu, me ake ce musu a gidanku?"

Yara ne, aji guda, sun kewaye wani rami. A tsakiyarsu Maina Kashim yana tsugune da tsohuwar hularsa, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, yana riƙe da saiwar itace da gara ta cinye ta zama kamar soso. A gefe ga maina kwance, ganyenta ya bushe ya yi ja.

Umara ya tsaya cak. Ya zauna a ƙasa nan bakin shinge, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Shi kansa bai san ko kuka yake ko dariya ba.

Tsohon ya ɗago ya gan shi. Ya ce wa yara su je inuwa su zana abin da suka gani. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya tako har inda Umara yake.

"Kai kuma lafiya? Itace ne fa. Ko ni da na sha wahalarta ban yi wannan kukan ba."

"Baba," in ji Umara, "ce mini aka yi Maina ya mutu."

"To ba ga ta nan ba?"

"Ya mutu, Baba. Ya."

Tsohon ya yi tsaye yana kallonsa. Ya dubi farar rigar, ya dubi keken da ke kwance. Can sai ya kama baki.

"Bubayaro na aika," ya ce. "La ilaha illallahu. Bubayaro na aika!"

Dariya ta kama shi, ta juye tari, ta sake komawa dariya, har sai da ya zauna kusa da Umara yana share ido. "Wato ta'aziyyata ka zo. To sannu da zuwa. Ashe sai na mutu za a gan ka a Danchuwa."

Umara ya kama hannunsa da hannu biyu. "Baba, ka yafe mini. Maganar da na faɗa maka a gaban yara, ban kyauta ba. Kullum ina so in zo, kunya ta hana ni."

"Na ji zafinta," in ji tsohon. "Ba zan ce maka ban ji ba. Mako biyu na yi ina jin ta. Daga nan sai ta bar ni, kai ne ka ci gaba da ɗaukarta." Ya nuna itacen da haɓa. "Wata bakwai ina bin layin rijiya saboda ita, tulu guda kullum. Iyarka Gumsu har cewa take na yi sabuwar amarya. Na ce dashen yarona ne, ba zai zo ya tarar na bar ta ta bushe ba. Gara ta fi ni dabara. Da ta faɗi sai na ce to, bari in aika, ko don itacensa ya zo."

Umara ya juya ya dubi itacen da ke kwance.

"In damina ta sauka ka kawo wata," in ji tsohon. "A zuba toka a ramin. Ita ma itace ce, yara suna son inuwarta. Tashi, ka zauna a kan tururuwa."

Suna shiga gida Iya Gumsu ta kawo ruwa da fura. Da aka ba ta labari ta yi salati ta tofar da yawu gefe, ta ce bakin Bubayaro ya sari ɗanyen kashi, kada ya ƙara taka mata ƙofar gida. Umara ya sha furar nan kamar bai taɓa shan fura ba.

Wajen la'asar sai suka ji ƙugin mota ta tsaya a waje, da sallama ta mutane da yawa, ƙasa-ƙasa. Umara ya leƙa. Malam Saleh ne a gaba, da limamin Dogo Nini, da ma'aikatan gandun daji biyar, da wasu dattawa, kowa da carbi, an sauke buhun gero da ƙullin goro. Ashe labari ya gama Potiskum.

Umara ya juyo a ruɗe. "Baba, bari in fita in yi musu bayani."

"Zauna," in ji Maina Kashim. Ya gyara hula, ya ɗauki sandarsa. "Baƙina ne, ni zan tarbe su. Gumsu, a shimfiɗa tabarmi, a karɓi geron nan kafin su gan ni."

Ya nufi zaure yana tari, Umara ya bi bayansa da tabarmi.