Kunkurun Yaya

Tun da Yaya ya rasu, Mama ba ta yi kuka ba, kuma ba jarumta ba ce. Abin ne kawai ya ƙi zuwa. Takan tashi, ta dafa, ta tafi shagon maganin da take aiki, ta miƙa wa mutane abin da suka zo saya, ta dawo. Maƙwabta na ta yabon haƙurinta. Ita kuwa ta san ba haƙuri ba ne, jikinta ne duk ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Yaya ɗanta ne na fari. Ƙanwarsa Auta ce ta laƙaba masa sunan, har uwar ma ta bi. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi yana ajin ƙarshe na firamare, ya bar Auta da na'urar gem, ta wasa a talabijin, da babansu ya sayo musu kafin aiki ya kai shi nesa. Da, falon nan ba ya rabo da rigima a kan wa ya ture wa, wa ya yi ha'inci. Yanzu Auta kan dawo daga makaranta, ta kunna, ta rage sauti, ta zauna. Ta daina tambayar Mama komai, ko ruwa ne sai ta taka kujera ta ɗauko da kanta. Mama na ganin yarinyar na yi mata nisa a cikin gida ɗaya, ta san ya kamata abin ya dame ta, amma ta lalubi damuwar ta rasa.

Wata ranar Asabar da yamma tana share falo, tsintsiya ta ci karo da hannun gem na biyu, wato abin da ake riƙewa a danna. Na Yaya ne, shuɗi, gefensa ya goge. An naɗe shi da robar da Auta ke ɗaure gashi, an matse maɓalli ɗaya tam. Ashe nan robobin ke tafiya, ita ko tana ta saye tana cewa yarinyar ba ta da adana.

Ta tambaya, Auta ta yi mata bayani ido na kan talabijin. Wasan na zomo da kunkuru ne. Ita ce zomo. Akwai kogi, gadar kuma ba ta sauka sai ɗaya ya riƙe igiya, ɗaya ya haye. Robar ce ke sa kunkuru ya riƙe mata.

Mama ta jingina da tsintsiya tana kallo. Zomon ya haye tsaf, ya kama igiyar wancan gefen, gada ta sake sauka don kunkuru. Kunkuru yana tsaye, yana ƙifta ido, yana murmushin nan na 'yan cikin gem da ba ya gushewa. Kiɗa na ta yi. Auta ta riƙe igiyar, ta riƙe, har ɗan yatsanta ya yi fari, sannan ta kashe ta sake daga farko. Da gani ba yau ta fara ba.

Mama mace ce mai son a gama abu a wuce wajen, sai ta kawo dabara: me zai hana Auta ta mai da robar kan nata hannun gem ɗin, ta ɗauki na Yaya ta haye da kunkurun da kanta?

"Na sani," in ji Auta. "Amma wasan mutum biyu ne."

Babu zargi a muryar. Shara na jira, tukunya na jira. Ta ajiye tsintsiyar, ta zauna a ƙasa, ta warware robar.

Kai, ba a taɓa ganin kunkuru mai son ruwa irin na Mama ba. Ta danna gaba, ya yi baya. Ta ce ya yi tsalle, ya faɗa kogi. Ya fito, ya sake faɗawa, da murmushinsa. Auta ba ta yi dariya ba, amma ta matso, ta kama babban yatsan uwar ta ɗora shi a wani ɗan wuri da ya lotsa a kan maɓallin.

"Nan yake sawa."

Wurin ya yi wa yatsanta kaɗan. Ta danna duk da haka. Suka yi ta yi, tukunya ta kama, ƙauri ya cika gidan, ba wadda ta tashi. Can dai kunkuru ya rarrafa, ya yi tangaɗi a tsakiyar gada, ya kai. Zomo ya saki igiyar. Ƙasar da ke gaba duk furanni ce, da wani tudu mai santsi.

"Nan muka tsaya da shi," in ji Auta. "Ban san abin da ke gaba ba."

Mama ta dubi hannunta. Babban yatsan ya yi ja, fatar ta ɗan tashi, yana yi mata zafi. Ta daɗe tana kallonsa, don rabon da wani abu ya yi mata zafi har ta manta. Auta ta jingino da kafaɗarta, gashinta a warware, tana jira.

"To, wane maɓalli zan danna?" in ji Mama.