Kwaɗon da Malam Ya Sa Aka Rataya

A matakala ta tara Malam ya tsaya, ya dafa kafaɗar kafinta, numfashinsa na fita kamar zarto a ɗanyen katako.

"Bari in goya ka, Malam."

"Ka goya wa? Tun kana rarrafe nake hawa benen nan."

Shekara talatin Malam ya yi yana koyar da fiziks. Kafinta, mai shago a ƙarƙashin ɗakinsa, tsohon ɗalibinsa ne da jarrabawa ta kayar har sau biyu.

"Ka tuna darasin ƙarfi?"

"Malam, ai ni da sifili muka shaƙu."

"Iri biyu ne. Nauyi mai amana ne: abin da ka kashe wajen hawa yana adana maka, ya mayar maka in za ka sauko, ko ta ina ka bi. Gogayya kuwa, in ta ci, ta ci. Sai ɗan zafi, shi ma ya bi iska." Ya shafa gwiwarsa.

Daga ranar bai ƙara saukowa ba. 'Yarsa ta baro aikinta ta dawo jinya. Sai ya sa kafinta ya ɗaura tsohon kwaɗon ƙofa a zare, ya rataya a silin daidai ƙafar gado.

"Tura shi."

Kwaɗon ya yi ta kai da kawo, kowane zuwa bai kai na baya ba.

"Malam, ai tsayawa zai yi."

"Na sani. Lokacin tsayawar nake son kamawa. Duk shekarun nan ban taɓa ganinsa da idona ba."

Kullum da rana kafinta kan ajiye guduma ya hau ya tura. Ko a shago, in iska ta kaɗa igiya, sai ya ɗaga kai ya dubi benen.

Ranar Talata Malam ya ce da ƙyar, "Yau kai ka duba min. Idona ya gaji."

Kafinta ya kafa wa kwaɗon ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Taku ɗaya, rabin taku, faɗin yatsa.

"Saura kaɗan, Malam."



Da ya waiwaya, hannun Malam ya zame daga kan bargo, bakinsa a ɗan buɗe.

'Yar tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofi. "Baba?" ta ce, a hankali.

Ruwan kofin na ɗiga a kan yatsun ƙafarta, ba ta ko duba ba.