Auduga a Kafaɗar Wakili

"Ƙara kaɗan a hagu," in ji Malam Saleh Bunu, wakilin Potiskum a majalisar Ikko. Yana tsaye a zaurensa, ya dafa bango, maƙwabcinsa Bubayaro tela na cusa masa auduga a kafaɗun 'yar ciki.

"Malam, in na ƙara, ai sai ka koma ɗan dambe."

"To, da ina kake tsammani za ni?"

Wata uku ke nan ciwon ciki yana cin Malam Saleh. Bubayaro shi ke yi masa ɗinki tun yana malamin elementare, har ya zama malamin En'e, har aka zaɓe shi, don haka ba sai an gaya masa yawan naman da ya zube ba. Manyan jam'iyya sun aiko cewa in jiki ya ƙi, ya zauna a gida. Shi kuwa shekara huɗu yana jiran ranar da zai miƙe a majalisa ya ce kada jirgin ƙasa ya tafi Barno ya bar Potiskum a gefe. Yanzu an ba shi rana. Sai dai manyan za su gan shi a Kano kafin ya hau jirgi, in suka ga ramarsa kuwa, juyo da shi za su yi.

Matarsa Fanne ta leƙo da ƙwaryar kunu.

"Bubayaro, har da kai? Mutumin da ko kunu ba ya zama a cikinsa?"

"Ya Fanne, ni tela ne. Abin da aka ce in ɗinka shi nake ɗinkawa."

Ta ajiye ƙwaryar ta koma ciki.

Da aka ɗora babbar riga a kai, sai ga Malam Saleh na da, in ban da wuya. Bubayaro ya naɗa masa rawani ya rufe wuyan.

"Ya ka gani?"

"Daga nesa dai, lafiya lau."

"Ai daga nesa suke kallon mutum."

Washegari da hantsi mota ta tashi, masu rakiya suka watse. Bubayaro ya koma kan keken ɗinkinsa.

Kafin azahar ya ji ƙarar motar, tana tafe a hankali. Direba Yaji ya fito ba hula.

"Ko Nangere ba mu wuce ba. Malam ya ce in tsaya ya sha iska, ya ce in riƙe masa takardar jawabin kada ta yamutse. Shi ke nan."

Bubayaro ne ya kama kafaɗu da za a shiga da gawar Malam. Bai bari kowa ya taɓa wajen ba sai da ya cire 'yar cikin da kansa.

Bayan la'asar suka dawo daga maƙabarta. Motar tana nan a ƙofar gida, akwatuna ɗaure a samanta, wata akuya ta kwanta a inuwarta tana tuƙa.