Tsohon Cikin Kaset

Tasalla tana tsaye bakin ƙofar falo da kwanon kunu a hannu lokacin da karen ya hau tebur ya fara lasar faranti. Turawan da ke cikin talabijin ba su kore shi ba. Matar gidan ta ɗauki farantin ta goge da gefen rigarta, ta zuba wa mijinta abinci a ciki. Wasu mutane da ba a gani suka fashe da dariya.

Tasalla ta yatsine fuska. Ta kawar da kai.

"Maharazu, mi kake kallo haka tun hantsi?"

Ƙanen nata bai waiwayo ba. Ma'aikacin gwamnati ne a nan Illela, kuma bayan sallah za a tura shi kwas Ingila. Wani abokinsa da ya taɓa zama can ne ya ara masa kwali cike da kaset, wai ya saba da maganarsu.

"Wasan kwaikwayo ne, Yaya. Shekara da shekaru suna yin shi. Sai an bi shi daki-daki, har da na Kirsimeti, kowane a wurinsa. In an tsallake guda ba a gane na gaba."

"Kunun ga ɗakin Baba na ishe shi. Na jiya ne. Ƙudaje sun mutu ciki."

"Ummu ta tafi biki Konni. Gobe take dawowa," in ji Maharazu, yana nufin matarsa.

Da safen nan Tasalla ta iso daga Amarawa a bayan babur. Tun damina ƙafar mahaifinsu ta shanye, Maharazu ya ɗauko shi ya kawo gari, ya ce nan ne kusa da asibiti. Ta yi zaton za ta tarar da shi cikin gata. Abin da ta tarar ɗaki ne a rufe, zarni ya cika shi, tsohon kwance yana kallon kwanon rufi.

Ta fitar da katifa rana, ta wanke zannuwa, ta ɗora masa ruwan wanka. Da ta zo wanke daɓe sai ta tilasta wa Maharazu ya tsayar da bidiyon. Suka tallafi Baba zuwa falo, suka zaunar da shi kan kujera. Maharazu ya koma ya danna abinsa.

Ashe akwai tsoho a cikin wasan. Haƙoransa na roba ne, yana cire su ya jefa a kofin shayi. Ɗansa mai tumbi yana nuna shi da yatsa, yana daka masa tsawa, jikoki suna janye masa kujera. Duk abin da aka yi masa, sai mutanen nan na ɓoye su yi dariya. Kaset yana ƙarewa ana saka wani. Yaran suka girma, matar ta yi ƙiba, karen ma ya canja, amma rashin kunyar tana nan yadda take. Duk wucewar da Tasalla ta yi da bokiti sai ta ja tsaki.

Bayan la'asar aka kai ga wani na Kirsimeti. Sun sha sun yi tatul, sun kifa wa tsohon hular takarda, yana gyangyaɗi miya na bin gemunsa. Maharazu ya girgiza kai.

"Allah wadai. Mutanen ga ba su san girman uba ba."

Tasalla ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Ta ajiye tsintsiya, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, zan nemo mota. Yau Amarawa za mu kwana."

"Haba Yaya," in ji Maharazu. "Mi mutane za su ce?"

"Su shigo su shaƙi ɗakin, sannan su ce."

Baba bai ɗauke ido daga talabijin ba, ko da yake wasan ya ƙare, sai yayyafin fari da baƙi.

"Akwai na gaba?" ya tambaya.

"Baba, ƙazanta ce fa," in ji Tasalla. "Zaginsa suke yi."

"Na gani. Ban jin abin da suke faɗi." Ya gyara ƙafarsa da hannu. "Amma tunda na zauna nan ba su daina yi mai magana ba."

Maharazu ya tsaya da kaset a hannu, yana jujjuya shi kamar bai san inda ake sakawa ba. Can ya tura shi ciki, ya jawo tabarma kusa da kujerar, ya zauna daidai gwiwar mahaifinsa. Mai tumbi ya bayyana yana ihu.

"Ya ce da shi tsohon banza," Maharazu ya faɗa a hankali.

Tasalla ta ɗauki bokitinta ta nufi ƙofa. Tana fita ta ji muryar Baba a bayanta.

"To, shi kuma mi ya ce mai?"