Fitila Mai Lamba Dubu Uku

"Miƙo hannunka, ɗan samari," in ji Goggo Kimlang.

Bancha ya miƙa. Ta kunna fitila ta farko. Hannun ya yi fari fat, jijiyoyin suka fito shuɗi-shuɗi.

"Lambar haskenta dubu shida da ɗari biyar. Hasken tsakar rana. Ganye take sawa." Ta kashe, ta kunna ta biyu. "Dubu huɗu. Ba ta nan, ba ta can, kamar mijina." Ta kunna ta uku, hannun ya koma kamar na mai jin wuta. "Dubu uku, da jajayen ƙwayoyi a tsakani. In wiwi za ta yi fure, wannan take so."

Shagon ƙarami ne, a layin masu kayan lantarki na kasuwar birnin Khon Kaen. Fanka na juyawa, ba ta kawo komai. Bancha ya ciro takarda daga aljihu. Rubutun babansa ne, ya karkace: 3000.

Baban, Sawai, manomin shinkafa ne. Ciwon daji ya kama masa hanta. Man wiwi da asibiti ke bayarwa yana sa shi barci, amma ya ce ɗanɗanon roba gare shi, nasa yake so. Ya yi rajista da hukuma, ya shuka wiwi shida a bayan gida, damina ta ruɓar da su. Ya sa aka shuka wasu shida a ɗakin da matarsa ke saƙa a da. Sun kai ƙugu yanzu. Kullum da safe sai an tallafo shi ya duba su.

Waya ta yi ƙara. Inna Lamduan ce, mahaifiyarsa, fuskarta ta cika gilashin.

"Kana shagon? Nuna min."

Ya juya wayar.

"Ja ce," in ji ta.

"Ruwan lemo ce, 'yar'uwa," in ji Goggo Kimlang, ta leƙo.

"Ja ce da ta sha ruwa. Bancha, ka san ranar da aka haifi ubanka."

Ya sani. Litinin. A al'adarsu, ɗan Litinin rawaya ce kalarsa, ja kuwa masifa take ja masa. Tun da aka kwantar da Baba, Inna ta fitar da jan bokiti daga gidan. Ta kyautar da jan zanenta. Har ɗan ɗakin iskokin da ke bakin ƙofa, inda ake ajiye wa iskokin gida abin sha, ta daina ajiye masa jan lemo, kore take ba shi.

"Shi ya rubuta lambar, Inna."

"Shi ba shi da lafiya. Kai kana da ita. Sayo ta tsakiyar." Ta kashe.

Goggo Kimlang ta zauna a kan kujerar roba, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

"Ta tsakiyar ma za ta yi," ta ce. "Ba sosai ba, amma za ta yi. Ni Talata aka haife ni, an hana ni rawaya. Shekara talatin ina sayar da rawayar fitila, ga ni nan. Gwiwa ce kawai ke damuna."

Bai yi dariya ba.

"Goggo, in na kunna yau, yaushe za a yanka?"

"Sati takwas. Tara. Sai shanya, sati biyu."

"Babu wadda ta fi sauri?"

"Ita shuka ba ta san sauri ba. Wa ke korarka?"

Ya dubi ledar magunguna da ke hannunsa. Da safe ya je asibiti karɓo su. Likitar ta ja shi gefe, kusa da injin ruwan sha. Yarinya ce, idanunta duk gajiya. Wata ɗaya, ta ce. In ya yi nisa, sati shida. Ku ba shi duk abin da yake so. Bancha ya yi mata godiya. Bai gaya wa kowa ba.

Ke nan ko wacce ya saya, ɗaya ne. Baba ba zai ga furen ba.

Amma ba ɗaya ba ne. Baba ya kwashe wata biyu a kwance yana kallon masu noman ɗaki a waya. Ya san lambobin fiye da mai shagon. Jiya ya riƙe masa wuyan hannu ya ce, "Kada ka kawo min ta tsakiya. Ta tsakiya ta wanda bai damu da girbi ba ce." In ya ga dubu huɗu a jikin kwali, zai dubi ɗansa, kuma zai gane abin da likita ta faɗa.

In kuma ya kai jar, sati huɗu ko shida Baba ya tafi, Inna ba za ta ce hanta ce ba, za ta ce fitilar ce.

Ya daɗe a tsaye. Wani ya shigo ya sayi soket ya fita.

"Ɗan samari, inuwa ka zo sha?"

"Ɗaure min ta ukun."

Ta dube shi, ta dubi ledar magungunan. Ta ɗaure kwalin da igiya, ta yi masa mariƙi.

A akori-kura mai benci biyu ya koma. Ya rungume kwalin a cinya. Ruwa ya sauko a hanya, ya tsaya. Gonaki sun yi kore shar. Wata tsohuwa da kwandon kwaɗi ta tambaye shi ko talabijin ce. Ya ce e.

Da la'asar ya isa. Inna na tsakar gida tana turara shinkafa mai danƙo. Ta bi kwalin da ido. Bai tsaya ba.

A ɗakin shukar ya hau kujera, ya sauke tsohuwar farar fitilar, ya rataya sabuwar. Da ya kunna, ɗakin ya yi kamar yammacin kaka. Hasken ya fito ta ƙofa, ya kwanta a kan dabe, har ƙafar gadon Baba.

"Tayar da ni," in ji Baba.

Ya tayar da shi. Babu nauyi. Tsohon ya jingina da ƙofa, yana haki, yana kallon shukar.

"Yawwa. Haka sama take yi in shinkafa ta nuna." Ya yi tari. "Me likita ta ce?"

"Ta ce ka riƙa cin abinci."

"Su ke nan kullum. Sati nawa matar shagon ta ce?"

"Takwas. Da shanya, goma."

Baba ya ƙirga da yatsu, a hankali.

"Zai zo daidai da sanyi. Ka bar min zakaran nan mai wuya tsirara, kada uwarka ta yanka shi. Da ganyen farko za a yi min farfesunsa."

"To, Baba."

Inna ta shigo, cokalin katako a hannunta. Hasken ya hau mata ƙafafu, ta ja da baya. Ta dubi mijinta. Yana murmushi, rabon da ta ga haka tun kafin damina. Ta jira har Bancha ya mayar da shi gado, ta bi ɗan nata bayan gida.

"Na ce maka kada ka kawo."

"Kin ce."

"In wani abu ya same shi, Bancha... In wani abu ya same shi, kai ne."

Ya buɗe baki. Maganar likita tana nan a kan harshensa, tun safe. Daga ciki Baba ya ɗaga murya, yana cewa a bar masa ƙofar a buɗe.

"To, Inna," in ji Bancha. "Ni ne."

Ya ɗebi tsaba a kwano, ya tafi ba zakaran.