Madubin da Muka Rataya wa Hajjo

"Ba zan juya ba sai kumbon nan ya sauka."

Abin da Hajjo ta ce ke nan, ta ƙanƙame bakin katifa da hannunta mai lafiya. Muzdalifa na durƙushe, ta riga ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗarta, ni kuma ina riƙe da ƙafafu, gumi na karyo mini. Tsohuwa ce da ba ta fi buhun dusa nauyi ba, amma in ta kafe sai an sha wuya. Na ce mata ta ji tsoron Allah, ɗinkin mutane na bari a kan keke na shigo, ba zan tsaya jiran wani kumbo ba. Ko kallona ba ta yi ba.

Gidan haya ɗaya muke da Hajjo a Sabon Gari, nan Gusau. Ɗanta Haidar, direban babbar mota, shi ya ɗauko ta daga ruga can wajen Kucheri da daji ya ƙi zaunuwa. Ba ta daɗe ba ɓarin jikinta ya shanye. Haidar kullum yana hanya, sai ya haɗa mata talabijin da sola don ta rage kewa. Ni na ɗauka wa'azi za ta riƙa kallo. Ina! Sai ta maƙale wa wani shiri na 'yan sama jannati, wai mutanen da duniyarsu ta bushe ne, suka kwashi 'ya'yansu a kumbo suna bin taurari, suna neman inda akwai ruwa da ciyawa. Ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma ta rantse waɗannan makiyaya ne. Shugabansu ma Arɗo take kiran shi.

Muzdalifa ce mai yi mata fassara. 'Yar Malam Ummaru ce, maƙwabcinmu na katanga, ta gama makarantar koyon jinya, ta sami shaidarta, ni da hannuna na ɗinka mata farin kayan aiki. Tun daga nan take yawon neman aiki. Nan a ce babu gurbi, can a ce sai wadda ta taɓa aiki, gaba a tambaye ta wa ya turo ta. In ta dawo takalmi ya yi futu-futu, ɗakin Hajjo take fara shiga kafin gidansu. Ita ta ce mai kwanciya irin wannan dole a riƙa juya shi akai-akai, in ba haka ba fata ta ɓalle ta zama gyambo. Sai ta ɗaure abin da shirin: kashi ɗaya ya ƙare, a juya Hajjo, a goge mata jiki, a shafe baya da diddige da man kaɗe. Har tabarmarta ta dawo da ita ɗakin.

Matsalar ɓangaren hagu ce, don in an juya ta can bango take kallo, shi ya sa take mana tawaye. A ranar nan haushi ya ishe ni, na fita na ciro dogon madubin da masu ɗinki ke duba kansu, na buga ƙusa na rataya shi a bangon. Hajjo ta leƙa, ta ga Arɗonta a ciki, ta yi dariya har da tari. Daga ranar ba ta ƙara yi mana gardama ba, ni kuma masu ɗinkina suka koma duba kansu a gilashin taga.

A cikin shirin akwai wani mutum-mutumi da ke haska wa marar lafiya fitila, nan take ya miƙe. A kansa suke musu kullum. Muzdalifa ta ce ga shi nan, kafin ita ta sami aiki ƙarfe zai ƙwace sana'ar. Hajjo ta taɓe baki ta ce tun da ta fara kallo ba ta taɓa ganin wannan ƙarfen ya wanke wa kowa jiki ba, balle ya kai fo bayan gida, ko su mutanen sama ba sa zagayawa ne? Muka yi ta dariya, amma ni na ga idon yarinyar ya kawo ruwa.

Malam Ummaru ba mugu ba ne, gajiya ya yi da ganin ta tana ƙonewa a rana. Ya ce in Babbar Salla ta wuce ba labari, ta haƙura ta je ta zauna wa yayanta a shagon atamfa. Sai ga ta wata rana da farin kayan a ninke, wai in farke in mayar wa ƙanwarta rigar Islamiyya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ni Zuwaira ba na farke ɗinkin da na yi da bismilla, na fizge kayan na cusa a ƙasan akwati. Ban faɗa mata ba, amma ni ma na fara tsoron ƙarshen abin ke nan.

Ana saura kwanaki kaɗan Salla aka kira masu neman aiki tantancewa a Bungudu. A lokacin Hajjo ta daina cin komai sai kunu cokali-cokali. Muzdalifa ta ce ba za ta je ba. Hajjo ta ɗaga hannun nan mai lafiya ta nuna mata ƙofa.

"Tafi, ɗiyata. Mai neman ruwa ba ya zama a bakin garken wani. Zuwaira ta iya juyi yanzu."

Ta tafi tana waiwaye. Da hantsi Hajiya Balkisu ta iso daga Tsafe, ɗiyar ƙanin Hajjo ce, tsohuwar ungozomar asibiti wadda ta buɗe ɗan wurin karɓar haihuwa bayan ta yi ritaya. Tare muka juya Hajjo hagu. Bayan azahar, tana kallon madubin, Hajiya na laƙana mata kalmar shahada, ta cika salin-alin. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Hajiya ce ta yi wankan, ni ina zuba ruwan magarya. Na sha tsayawa wankan waɗanda suka daɗe a kwance, kuma abin da ido ya gani a wurin ba a fitar da shi, sai in alheri ne. Da muka kishingiɗa ta, Hajiya ta bi bayanta da hannu, ta duba kwankwaso, ta ɗaga diddige. Fata sumul, ko ƙwarzane babu. Ta tambaye ni tun yaushe take kwance, na ce tun kafin daminar bara. Sai ta tambayi wanda ya yi jinyarta.

Sai bayan la'asar Muzdalifa ta sauka daga babur, ta haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta. Ta faɗo jikina tana cewa ta yi biyu babu, can mutane sun fi ƙarfin gurbin, an ce za a kira su, nan kuma ba ta sami ganin Inna Hajjo ba. Hajiya ta bari sai da ta yi kuka mai isarta, sannan ta kira ta gaban matan da ke zaman makoki.

"Ke ce Muzdalifa? Na tsufa a aikin nan, na san abin da doguwar kwanciya ke yi wa jiki. Bayan Salla ki same ni Tsafe. Takardunki ki taho da su saboda hukuma, ni kam na riga na karanta aikinki a bayan Inna."

Wurin ƙarami ne, albashin ma ba wani mai yawa ba, amma Malam Ummaru da kansa ya zo karɓar farin kayan, ya tsaya a soro har na gama guga. Ranar da za ta tafi ta roƙe ni in riƙa duba mata ko mutanen kumbon nan sun sauka, don Inna ba ta ga ƙarshen ba. Na ce ni da shirmen nan? Allah ya kiyaye.

Da na raka ta ta hau mota, na shiga ɗakin Hajjo ciro madubina. An naɗe katifa, ƙamshin man kaɗe bai gama fita ba, Haidar kuma bai kwashe talabijin ba. Na kunna, na zauna a tabarma ta ɓangaren hagu. A cikin madubin kumbon na ta tafiya a hankali, can gabansa ga wata 'yar duniya kamar ƙwallon goruba, gefenta ɗaya kore shar.